RANAR AUREN JIKA, KADA A MANTA DA KAKA

A ƙarshen daminar da ta wuce an yi wani biki a Kafanchan wanda ya kamata labarinsa ya kai kunnen 'yan Arewa mazauna Kurmi, ko da yake ba bikin ɗan sarki ba ne, ba kuma na 'yar attajiri ba. 'Yar wani mai sayar da kayan gwari ce a kasuwar Mile 12 ta Ikko aka aurar, yarinyar da aka haifa a Agege, ta yi makaranta a can, Yarbanci a bakinta kamar Hausa. Angon shi ma a Ikko yake neman abincinsa. In dai don sauƙi ne da tattalin kuɗi, babu abin da zai kawo wannan biki Kafanchan. Mutum ɗaya ce ta kawo shi, watau wata tsohuwa mai kimanin shekara 80 wadda ciwon ƙafa ya hana doguwar tafiya, kakar amarya ta wajen uba.

Da farko uban yarinya ya shirya a yi komai a Ikko. Ya kama zauren haya, ya yi magana da masu dafa abinci, kana ya aika wa mahaifiyarsa cewa za a nuna mata komai ta waya, ta ga jikarta kamar tana wurin. Tsohuwa ba ta ja magana ba. Ta ce a gaya masa a ɗakinta aka yaye yarinyar nan, kuma ba ta waya ta goya ta ba. In ya ga zai iya aurar da ita ba tare da ta sa mata lalle ba, to Allah Ya ba da zaman lafiya. Duk wanda ya san halin tsofaffi ya san irin wannan addu'a ta fi faɗa zafi. Bayan mako biyu mutumin ya karɓo abin da ya samu daga kuɗin zaure, ya ce a gida za a yi.

Ya yi daidai. Ba don ya faranta ran uwa kaɗai ba, ko da yake wannan ma ya isa dalili. Ya yi daidai domin akwai aikin da kaka take yi ranar aure wanda ba mai iya yi sai ita, kuma a ƙasa irin kudancin Kaduna wannan aiki ya wuce na gida ɗaya.

GARIN RELUWE

Kafin a gane haka sai an san tsohuwar, kuma ba a saninta sai an san garin. Mutanen Fantswam suna zaune a wurin tun kafin zuwan Turawa, amma layin dogo shi ya mai da Kafanchan babban gari. A 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurdi ya haɗu da na Kaduna, aka kuma ja reshe daga nan zuwa Jos. A 1933 Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa garin. Daga nan sai ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa: Ibo, Yarbawa, Tibi, Nufawa, Hausawan Zariya da Kano da Katsina. Suka tarar da Kaninkon da Kagoro da Bajju da Atyap da Ham a kewaye, kowa da harshensa, Hausa kuwa ta zama harshen kasuwa da tasha, har ma da coci, tun da an kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Ita tsohuwar 'yar Bajju ce daga wani ƙauye a yankin Zonkwa. Tana budurwa takan kawo doya da gyaɗa tasha idan jirgi ya tsaya. A nan ta haɗu da wani Bazazzagi mai aikin gyaran layi, aka yi aure 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, ta musulunta, ta tare a Kafanchan. Ubanta ya karɓi dukiyar aure, ba a yi rigima ba. Ƙaninta kuwa ya shiga makarantar mishan, ya zama malamin makaranta, daga baya ya zama dattijo a cocin ECWA na ƙauyensu. Shekara da shekaru, duk Babbar Salla takan aika masa da nama. Duk Kirsimeti yakan aiko mata da shinkafa da zakara da ransa, don a yanka a gidanta yadda ya dace da su. Irin wannan gida ba baƙon abu ba ne a kudancin Kaduna. Da wuya a sami tsohuwar unguwa a Kafanchan wadda ba ta da irinsa.

Sauran labarin masu karatu sun san shi. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. A 1992 aka yi na Zangon Katab. A 1999 aka sake yin wani a kan sarautar Jama'a. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an yi asarar rayuka masu yawa a Zonkwa da Kafanchan da Matsirga, kasuwar Kafanchan ta ƙone. Babu ɓangaren da bai binne nasa ba. Kowane karo sai unguwanni su ƙara rabuwa, Musulmi nan, Kirista can. Ɗan tsohuwar ya tafi Ikko bayan rikicin 1987, can ya yi aure ya hayayyafa. Bayan 2011 naman Salla ya daina tafiya, zakaran Kirsimeti ya daina zuwa. Ba faɗa suka yi ba, ita da ƙaninta. Tsoron hanya ne, da tsoron abin da maƙwabta za su ce. A cikin shekarun nan duka sau biyu suka ga juna, duka biyun kuwa a wurin ta'aziyya.

GORON GAYYATA

Da ɗanta ya iso gida da katunan gayyata da ya bugo a Ikko, masu ruwan zinariya da sunayen manyan baƙi, tsohuwa ta juya su ta ajiye gefe. Ta ce ya ɗauko takarda da alƙalami. Ta shiga lissafa gidaje: gidan wance da suka yi zaman barikin reluwe tare, gidan wane wanda ubansa ya tsaya wa mijinta a neman aure, gidan unguwarzomar da ta yanke masa cibiya. Rabin sunayen bai taɓa jin su ba. A ƙarshe ta ce ya ɗauki goro da alewa ya kai gidan ƙaninta da ƙafarsa, kada ya aiki yaro.

Ya yi shiru, ya ce, "Inna, ai kin san yadda gari yake."

Ta ce, "Kawunka ne. Ko ka sake uwa ne a Ikko ban sani ba?"

Ya tafi. Tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba, amma ya shekara fiye da 20 bai yi ta ba. An ce da kawun ya gan shi bai gane shi ba sai da ya faɗi sunan uwarsa.

Wannan shi ne aikin kaka na farko. Ita ce ke riƙe da lissafin dangi a ka. Ita ta san wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wane gida ake bi bashin alheri. Ita ta san wa ya sha nonon wa, abin da a shari'ar Musulunci yake haramta aure kamar yadda jini yake haramtawa, alhali kuwa ba a rubuta shi a wata takarda. Mutumin da ya shekara 30 a Agege ko Sabon Badun ko Fatakwal ya san abokan kasuwarsa da 'yan ƙungiyarsa, amma danginsa sun taƙaita ga waɗanda lambarsu take cikin wayarsa. In shi kaɗai ya rubuta masu zuwa biki, to za a tara abokan ciniki ne, ba dangi ba.

KAKA DA KISHIYARTA

Ranar kamu tsohuwa ta zauna a kan tabarma, aka kawo mata ƙwaryar lalle. Da aka shigo da amarya ta sha kwalliyar zamani, sai ta ƙura mata ido ta ce a wanke mata fuska tukuna, ta ga ko jikarta ce ko an musanya ta a hanya. Mata suka fashe da dariya. Ta kama hannunta ta shafa mata lallen, tana cewa, "To kishiya, yau dai zan huta, kin bar mini gida." Da abokan ango suka kawo shi gaisuwa ta tare shi: "Maigida, me ka gani a jikin wannan ƙwailar har ka tsallake ni?" Bai tsira ba sai da ya ajiye mata kuɗin cefane.

Wanda bai san al'ada ba zai ɗauka wasa ne kawai. Amma wasan kaka da jika yana da aikin da yake yi. A gidan Bahaushe akwai alkunya tsakanin iyaye da 'ya'ya, balle 'yar fari, wadda uwa ba ta ko kiran sunanta. Uwa ba za ta zauna ta buɗe wa 'yarta maganar zaman aure filla-filla ba. Uba kuwa ko aurar da ita ba ya yi da bakinsa, sai ya wakilta ɗan'uwansa ya zama waliyyi. Kaka ce kaɗai babba a gida wadda babu wannan shamaki tsakaninta da yarinya. Wasan shi ke buɗe ƙofar da gaskiya take shiga. A daren nan amarya a ɗakin kakarta ta kwana, kuma an ji muryarsu har wajen asuba. Abin da suka faɗa nasu ne. Abin da aka gani shi ne yarinyar da ta zo tana ƙorafin an raba ta da bikin Ikko, da safe ta fito idanu jajur, tana riƙe da hannun tsohuwa.

Ba komai ne ya yi wa tsohuwa daɗi ba, kuma ba ta ɓoye ba. Ƙarar lasifika ta hana ta jin masu gaishe ta. Mai ɗaukar hoto ya yi ta ture dattijai don ya sami wurin tsayawa. Kuɗin da aka kashe a anko, in ji ta, ya isa a sayi buhunan hatsin da za su kai amarya baɗi. Ta duba cikin taro ta nemi ƙawayenta na barikin reluwe, ba ta ga ko uku ba. Sauran sun riga mu gidan gaskiya, har da mijinta. Wannan ma yana cikin abin da tsoho ke gani a bikin jika: farin ciki ne, amma yana zuwa da ƙidayar waɗanda babu.

Ranar ɗaurin aure da hantsi wata tsohuwar mota ta tsaya a ƙofar gida. Kawun ne, da matarsa, da waɗansu mata na Zumuntar Matan cocinsu, ɗauke da acca da citta da tsintsiyoyi da tukwanen ƙasa, gudummawar amarya. Dattijon ya cire takalmi ya zauna a tabarma cikin maza. Aka ambaci sadaki, aka ba da aure aka karɓa, liman ya yi addu'a, shi kuwa ya sunkuyar da kai har aka shafa. A cikin gida kuma, da tsohuwa ta ga matar ƙaninta, sai ta kece da yaren Jju, harshen da ta daɗe ba ta yi ba. Jikokinta 'yan Ikko suka tsaya baki buɗe, domin ba su taɓa sanin kakarsu tana da wani harshe ban da Hausa ba. Waɗansu baƙi suka fara tambayar su wane ne waɗannan. Akwai ma maƙwabcin da ya ɓata fuska. Tsohuwa ta sa aka kira amarya, ta riƙa nuna mata su ɗaya bayan ɗaya: wannan kakanki ne, cikinmu ɗaya, wannan goggon babanki ce, wannan kuwa ke da ita jikokin gida ɗaya ne. Amarya ta durƙusa ta gaida kowa.

Da za a kai amarya, tsohuwa ta ciro tasoshi biyu daga ƙarƙashin gado, waɗanda aka jera mata a nata ɗakin fiye da shekara 60 da suka wuce, ta ce a sa su cikin kayan jere. Sun dushe, ba su dace da kayan zamani ba. Amarya ta ce ita za ta riƙe su a cinya har Ikko.

UZURIN MAZAUNA KURMI

To, jama'a za su ce wannan labari ne mai daɗin ji, amma wa zai biya? Maganarsu tana kan hanya, bai kamata a raina ta ba. A da mutum yakan shiga jirgin ƙasa a Ikko da iyalinsa da kayansa, ya biyo ta Kaduna ya sauka tsakiyar Kafanchan. Yau sai mota, ta Lokoja da Abuja, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya zama abin da magidanci zai yi lissafi sau biyu kafin ya ɗauko iyali. Ga fargabar masu satar mutane a hanya. Ga barin kasuwa mako guda, wanda ga mai kayan gwari asara ce ta zahiri. Waɗansu kuma gidan da za su koma ɗin ma babu shi, an ƙone, ko an sayar. Ba wanda zai zargi irin waɗannan.

Amma a faɗi gaskiya, ba kowa ne rashin kuɗi ya hana ba. Akwai wanda zai kashe a zauren haya da makaɗa da anko abin da ya ninka kuɗin motar iyalinsa duka, sa'an nan ya ce hanya ta yi tsada. Akwai wanda ke jin kunyar abokan kasuwa su ga gidan ƙasar da ya fito. Akwai kuma, musamman cikin 'yan kudancin Kaduna, wanda ba ya son a san yana da dangi a ɗaya addinin. Wannan bai tsaya ga Musulmi ba. Soja ko ɗan sanda ko mai gadi ɗan Kagoro ko Kwoi ko Zonkwa da ke zaune a Obalende ko Ikeja, wanda yake da goggo mai lulluɓi a Kafanchan, shi ma ya tambayi kansa ko sunanta ya shiga takardarsa ranar da ya aurar da 'yarsa a coci.

Abin mamaki, a Kurmi ba a bambanta su. Mutumin Ikko ko Badun ba ya raba Bajju da Bazazzagi. Duk wanda ya fito daga sama da Kwara yana jin Hausa, sunansa ɗaya a wurinsa. Ranar da aka yi rikicin Mile 12 a 2016, ko na kasuwar Shasha a Badun a 2021, 'yan Arewa sun ga haka da idonsu. A can ana zama ɗaya, a ci abinci a kwano ɗaya, a yi adashi tare. Sai an tashi zuwa gida kowa ya tuna unguwarsa.

A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar, watau Jama'a da Kaura da Zangon Katab da Sanga da Kaciya, sun sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan. Aiki ne mai kyau, Allah Ya saka wa waɗanda suka yi shi. Amma shekarar ba ta ƙare ba sai da aka sake zubar da jini a ƙauyukan yankin. Takarda tana ɗaure shugabanni. Abin da ke sa saurayi ya janye hannu a ranar fitina kuwa shi ne ya san cewa a wancan gidan akwai wadda ya taɓa durƙusawa ya gaisar, an ce masa goggonsa ce. Waɗanda suka san wannan dangantaka su ne tsofaffin da suka yi aure a zamanin reluwe, kuma ƙarewa suke yi. Duk kakar da ta rasu ba ta nuna wa jikokinta danginsu ba, to igiya ɗaya ta tsinke, babu kuma mai ƙulla ta.

ABIN YI

Ba a ce lalle kowa ya kwaso biki dungurungum ya kawo gida ba. Amma akwai abin da ba ya gagarar mai niyya. Kafin a sa rana ko a kama wuri, a fara shawartar kaka ko kakan, ba a yanke magana sa'an nan a sanar da su kamar baƙi ba. In hali bai kai ba, a raba bikin: lalle da ɗaurin aure a gida da mutane kaɗan, walima a Kurmi don abokan zama. In kuwa tsohuwa ce za a ɗauko zuwa Kudu, a aika wanda zai rako ta, a ba ta ɗaki kusa da amarya, kada a ajiye ta a kujerar baya kusa da lasifika a manta da ita sai lokacin hoto. In duk wannan ya gagara, to bayan biki a sa ango da amarya a mota su je su durƙusa a gabanta, ta sa musu albarka, ta kuma zagaya da su gidajen dangi. Sa'an nan, ko da biki ko babu, a ɗauki takarda a zauna gabanta a rubuta sunayen da take lissafawa tun tana da rai. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Mutumin Mile 12 ya koma kasuwarsa da bashin da zai ɗauki watanni yana biya. Tsohuwa ta yi kwana uku a kwance saboda gajiya, tana gaya wa masu dubiya cewa yanzu ko yau aka kira ta ba ta da sauran nauyi. Amma magana ba ta ƙare a nan ba. Jikan kawun nan zai yi aure a cocin ƙauyensu bayan Kirsimeti, kuma katin gayyata ya riga ya isa Ikko. Tsohuwa ta ce ita za ta je ko da ɗaukarta za a yi. Saura ɗanta. In ya je, to bikin 'yarsa ya haifi wani abu. In ya aika da kuɗi ta waya ya ce kasuwa ta riƙe shi, to an koma gidan jiya.

Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa. Allah Ya ja kwanan tsofaffi, Ya ba amare da angwaye zaman lafiya, Ya kuma kai matafiya gida lafiya. Amin.